Babur mai ƙafa huɗu a cikin taɓo: me ya sa injin bugu biyu yake wahalar da mai shi a daji?

A ƙasashe irin su Amurka da Kanada, da zarar ruwan sama ya jiƙa daji, akwai mutanen da ke fito da babura masu ƙafa huɗu su shiga hanyoyin cikin kurmi don nishaɗi. Yawancinsu yanzu injin bugu huɗu suke hawa, amma akwai 'yan gani-kashe-ni da suka ƙi rabuwa da tsofaffin injinan bugu biyu, masu ƙara da hayaƙi. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi game da su.

Mene ne injin bugu biyu, kuma waɗanne babura ake magana a kai?

Inji ne da ke kammala aikinsa a hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistin, wato duk juyi ɗaya sai wuta ta tashi, ba kamar mai bugu huɗu da ke buƙatar juyi biyu ba. Ba shi da kaskon baƙin mai a ƙasa. Man da ke shafa masa ciki tare da fetur yake shiga, ya ƙone tare da shi. Duk wanda ya taɓa zuba man 2T a fetur don tayar da ƙaramin janareta ya san wannan tsari.

Fitattun cikinsu huɗu ne ko biyar. Suzuki ta fito da LT250R a 1985, Honda ta biyo da TRX250R daga 1986 zuwa 1989, sai Yamaha da ta kawo Banshee mai silinda biyu da cc 347 a 1987, ta ƙara da ƙaninta Blaster mai cc 195 a 1988. Banshee da Blaster sun daɗe a kasuwa, sai a 2006 aka daina sayar da su sababbi a Amurka, lokacin da dokokin hayaƙin injina suka tsananta. Saboda haka duk wadda ka gani a daji yau tsohuwa ce, ta sha hannun makanikai.

Shin don taɓo aka ƙera su?

A'a, kuma nan ne tushen matsalar. Banshee sarauniyar tudun yashi ce, inda ake buɗe totur a bar shi a buɗe. Ƙarfin injin bugu biyu a sama yake taruwa: idan yana juyi a hankali sai ka ji shi sanyi-sanyi, amma da ya kai wani mataki sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya lokaci guda. A kan yashi wannan daɗi ne. A kan jiƙaƙƙiyar hanya mai saiwoyi da duwatsu kuwa, da ƙarfin ya zo sai tayoyin baya su kama wulwulawa, gindin babur ya juya gefe, ga bishiya tana jira.

Sannan tayoyin baya kaɗai ke ja, sarƙa da faifan birki suna ƙasa-ƙasa kusa da laka, kuma Banshee da Blaster ba su da ribas. Idan ka kutsa tsakanin bishiyoyi biyu hanya ta ƙare, sauka za ka yi ka ja da hannu.

To yaya masu hawa suke shawo kan wannan?

Da kuloci. Wanda ya iya ba ya raba yatsa ɗaya ko biyu da hannun kuloci. Yana riƙe injin a juyin da ba zai mutu ba, sannan ya riƙa sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ƙasa za ta iya ɗauka. Da yawa suna hawa da giya ɗaya sama da wadda hannu ke so, domin ƙarfin ya zo da laushi. Wasu kuma suna rage haƙori ɗaya a ƙaramin haƙorin sarƙa na gaba, don babur ya iya tafiya a hankali ba tare da injin ya shaƙe ba.

Jiki ma yana aiki. Tayoyin baya a kan sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, don haka babur ba ya son kwana. Sai ka zame daga kujera ka kwantar da nauyinka cikin kwanar. A hawan tudu a miƙe ake, ƙirji kusa da hannun babur. Saiwar bishiya da ta jiƙe kuwa santsi gare ta ƙwarai, ana tsallaka ta kai-tsaye ne, ba a karkace ba, kuma a sassauta totur daidai lokacin da tayar baya za ta taka ta. Iskar taya kaɗan ake sa wa, tsakanin psi 3 zuwa 5 a ma'aunin iskar taya, don tayar ta baje ta kama ƙasa.

A ganina wannan wahalar ce ma take riƙe masu son injin. Babur mara nauyi ne, yana amsa hannu nan take, kuma idan ya maƙale mutum biyu suna iya ɗaga shi.

Me ya sa fulogi ke yawan mutuwa a irin wannan tafiya?

Tafiyar daji a hankali ake yin ta, injin ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone man da ke cikin fetur sarai. Sai fulogi ya yi baƙi, ya jiƙe, wuta ta ɗauke. Shi ya sa ba a shiga daji ba tare da fulogi na ajiya da sifanarsa ba. Da yawa suna haɗa fetur kashi 32 da mai kashi 1, wato kusan mililita 156 a lita 5 ta fetur, amma littafin babur da kwalbar man su ne abin bi. Idan matsalar ta ƙi ƙarewa, saitin kafireto za a duba, ba rage mai da ka ba.

Idan ruwa ya shiga injin fa?

Wannan ita ce babbar tambaya. A injin bugu biyu, iska da fetur ta ƙarƙashin fistin suke bi, ta ɗakin da kiranshaf da boris ɗinsa suke, kafin su hau sama. Duk ruwan da injin ya shaƙa, kan boris zai fara zama, kuma babu tafkin baƙin mai da zai kare su.

Idan babur ya mutu a cikin ruwa, kada ka buga kik. Ruwa ba ya matsuwa, bugu ɗaya na iya lanƙwasa sandar fistin. Ka ja shi tudu, ka kashe fetur, ka cire fulogi, ka ɗaga gaban babur sama ruwan salansa ya zube. Sannan ka yi ta buga kik fulogi a cire har ruwa ya daina fesowa. Ka zubar da abin da ke kwanon kafireto, ka matse soson matatar iska, ka sa busasshen fulogi. Da ya tashi, ka bar shi ya yi zafi sosai a ranar. Idan ya kwana da ruwa a ciki, tsatsa ta samu wuri. A gida a duba man giya: idan ya koma fari kamar an zuba masa madara, a sauya shi.

Rigakafin ya fi sauƙi. Masu hawan yashi suna cire murfin akwatin iska don injin ya sha iska da yawa. Mai shiga taɓo mayar da murfin yake yi, ya shafa giris a bakin matatar, ya ɗaga siraran tiyon numfashin kafireto sama. Kududdufin da ba ka ga ƙasansa ba kuma, ka auna shi da sanda tukuna.

Ba ya yin zafi, tunda ga ruwa ko'ina?

Yana yi. Laka tana toshe lagireton Banshee, tana kuma cike tsakanin fikafikan silindar Blaster da iska ke sanyaya ta. Ga tafiya a hankali, ga kuloci yana shan wuya. A tsaya a wanke lokaci-lokaci.

A ina ake irin wannan hawa, kuma da wace doka?

Wuri mafi suna shi ne hanyoyin Hatfield-McCoy a tsaunukan jihar West Virginia ta Amurka, waɗanda aka buɗe a 2000, ɗaruruwan mil ne a cikin kurmi. Sai ka sayi izini, kuma hular kwano dole ce. A dazuzzukan gwamnatin Amurka ana bukatar salansa ta kasance da ragar da ke tare tartsatsi, saboda gobara. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta ƙasar tana gargaɗin kada yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya hau babur na manya, kuma kada a yi goyo a kan wanda aka ƙera don mutum ɗaya. Idan hanya ta yi laushi ainun bayan ruwa mai yawa, masu kula da wasu dazuzzukan sukan rufe ta har ƙasa ta tsane, domin ramukan da taya ta haƙa su ne ke zama hanyar zaizayar ƙasa.