Sankarar ɓargo ta mayeloma: ina aka kwana kan magungunan da ke kai wa cutar hari kai tsaye?

Wace irin cuta ce wannan?

Mayeloma sankara ce da ke tasowa a cikin ɓargo, daga wasu ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne haɗa sinadaran da ke kare jiki daga cututtuka. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace, sai ta yi ta hayayyafa, tana cika ɓargo, tana zuba wani furotin marar amfani a jini. Daga nan ƙashi ya fara rarakewa, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta gaji, mutum ya dinga kamuwa da cuta a kai a kai. Da yawa ciwon baya ne ke fara kai su asibiti. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, kuma alƙaluman Amurka sun nuna baƙar fata sun ninka fararen fata wajen kamuwa da ita.

Me ya bambanta sababbin magungunan da kemo?

Tun shekarun 1960 ake ba masu cutar melphalan da prednisone. Kemo irin wannan ba ya tantancewa, duk ƙwayar da ke saurin rabuwa kashe ta yake yi, mai lafiya da marar lafiya. Sabon salon kuwa shi ne a nemo abin da ƙwayar sankarar ba za ta iya rayuwa ba sai da shi, ko wata alama da ke jikinta, a kai hari nan.

Abin mamaki, ƙofar ta buɗe ne da thalidomide, maganin da aka janye daga kasuwa a farkon shekarun 1960 bayan ya sa an haifi dubban jarirai da naƙasa. A 1999 likitoci a jihar Arkansas ta Amurka suka nuna yana aiki a kan mayeloma. A 2003 aka amince da bortezomib, wanda ke toshe injin da ƙwayar ke niƙe dattin furotin da shi. Tunda ƙwayar mayeloma ba ta da aiki sai ƙera furotin, dattin ne ke taruwa ya kashe ta. Lenalidomide ya biyo baya a 2006, sai daratumumab a 2015, wanda ke manne wa wata alama da ke jikin ƙwayar mai suna CD38, ya kira garkuwar jiki ta zo ta ƙarasa aikin.

Yanzu ina masu bincike suka fi mai da hankali?

Kan wata alama da ake kira BCMA, wadda kusan duk ƙwayoyin mayeloma ke ɗauke da ita, yawancin sauran sassan jiki kuwa ba su da ita.

Hanya mafi ɗaukar hankali ita ce CAR-T. Ana zaunar da maras lafiya na wasu sa'o'i, na'ura tana jan jininsa tana tace ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, tana mayar masa da sauran. A kai su ɗakin gwaji a sauya musu tsarin halitta yadda za su gane BCMA, a ninka su miliyoyi, bayan makonni a dawo da su a ƙara masa kamar ruwa, sau ɗaya tak. A cikin magungunan CAR-T, Amurka ta amince da Abecma a 2021, sai Carvykti a 2022, wanda asalinsa daga wani kamfani ne a birnin Nanjing na China. A gwajin CARTITUDE-1, mutum 97 da sauran magunguna suka riga suka gaza musu aka bai wa Carvykti. A 2025 aka ba da rahoton cewa 32 daga cikinsu sun kai shekara 5 cutar ba ta dawo ba, kuma ba su karɓi wani maganin sankara ba. Ga mutanen da a da ake ƙirga musu watanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗaya hanyar allura ce mai hannu biyu: hannu ɗaya ya kama ƙwayar sankara, ɗayan ya kamo ƙwayar T, ya haɗa su gaba da gaba. Teclistamab ne ya fara fitowa a 2022. Amfaninsa shi ne ba sai an jira an ƙera wa kowa nasa ba.

To me ya sa har yanzu ba a ce an samu waraka ba?

Saboda cutar tana da wayo. A jikin mutum ɗaya akwai zuri'o'in ƙwayoyin sankara daban-daban. Magani ya kashe mafi yawa, 'yan kaɗan da suka ɓoye alamar BCMA ko suka sauya mata kama su tsira, su sake yaɗuwa. Shi ya sa ake farautar wasu alamomin. Talquetamab, da aka amince da shi a 2023, GPRC5D yake bi, amma da yake alamar tana nan a fata da farce, masu karɓarsa kan yi fama da saɓar fata da lalacewar farce, ga rashin jin ɗanɗanon abinci har su rame.

Ba kowane fata ne ya cika ba. Venetoclax ya nuna alamar nasara ga masu wata tangarɗar halitta da ake kira t(11;14), amma a gwajin BELLINI, inda aka gwada shi ba tare da ware masu wannan tangarɗa ba, mace-mace sun fi yawa a ɓangaren da suka sha shi, galibi saboda kamuwa da cututtuka.

Akwai haɗari?

Akwai. CAR-T da allurai masu hannu biyu kan sa garkuwar jiki ta harzuƙa: zazzaɓi mai zafi, faɗuwar bugun jini, wani lokaci ruɗewar tunani. Kuma da yake suna kashe lafiyayyun ƙwayoyin da ke haɗa sinadaran kariya, ciwon huhu na iya zama ajali. Sai a asibitin da ke da sashen kulawa ta gaggawa ake ba da su.

Mu da muke Afirka, ina rabonmu?

Nan ne abin ke da ciwo. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan maza a birnin Accra na Ghana ya gano yawan masu matakin da ke zuwa kafin cutar ya ninka na fararen fatar jihar Minnesota ta Amurka. Duk da haka baƙar fata 'yan tsiraru ne a manyan gwaje-gwajen magungunan nan. Farashin Carvykti kuma dala 465,000 ne lokacin da ya fito, ban da kuɗin kwanciya. A ganina bincike bai kammala aikinsa ba muddin waɗanda cutar ta fi addaba ba sa cikin lissafi.

Abin da ke kusa da hannu shi ne, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka bortezomib da lenalidomide da thalidomide a jerin magungunan da suka zama dole, kuma kamfanonin Indiya suna yin masu sauƙin kuɗi. Dattijon da ciwon baya ya ƙi jin magani, ga ƙarancin jini, ya kamata a tura shi wurin likitan jini a asibitin koyarwa, a auna furotin na jininsa da aikin ƙodarsa. Kafin nan, a daina ɗura masa diclofenac da ibuprofen daga kemis, domin ƙodar mai mayeloma ba ta jure su.