Wai an hana taɓa hoto da Photoshop a gasar World Press Photo?

Na ji wasu matasan masu ɗaukar hoto suna ta yaɗawa wai duk wanda ya buɗe hotonsa a Photoshop shikenan ya fita daga World Press Photo, gasar hotunan labarai ta duniya, wai sai ka tura shi yadda ya fito daga kyamara. Ba haka abin yake ba jama'a.

Gasar dai a Amsterdam take tun 1955, kuma dokar ta hau kan duk wanda ya shiga. An yarda ka yanke gefen hoto, ka gyara haske da kala daidai misali, ka mayar da shi baƙi da fari, ka goge ɗigon ƙurar da ta shiga kyamara. Abin da aka hana shi ne ƙara abu ko cire abu ko matsar da shi, ko ka tsara mutane su yi maka abin da ba su yi ba ka ce labari ne. In ka kai zagayen ƙarshe sai ka miƙa fayil ɗin asali su gwada su gani.

Inda rikicin yake wajen duhunta hoto ne. Ka rage haske don hoton ya yi armashi ba laifi, amma in duhun ya haɗiye wani abu da yake wurin, ko da kwalin sigari ne a ƙasa, to daidai yake da ka goge shi. To ina iyakar? Ba wata lamba da aka yanka, idon alƙalai ne kawai. A 2015 kashi 20 cikin ɗari na waɗanda suka kai zagayen kusa da na ƙarshe aka kora saboda gyaran hoto da ya wuce gona da iri. Kafin nan a 2013 an yi ta cece-kuce kan hoton Paul Hansen na jana'izar yara biyu a Gaza, wai hasken fuskokin ya yi kyau da yawa, masana suka bincika aka bar masa kyautarsa.

Hukuncin kuwa ba sauƙi, ko bayan an ba ka kyauta ana iya ƙwacewa. Giovanni Troilo ya gani a 2015, ya ce hotunansa na garin Charleroi ne a Beljiyam, ashe ɗaya a Brussels aka ɗauka.

Kamfanonin labarai ma haka suke, har sun fi zafi. Adnan Hajj ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut a 2006, Reuters ta kwashe hotunansa kaf, wannan kam shi ya ja wa kansa. Amma Narciso Contreras da Associated Press (AP) ta sallama a 2014, kyamarar abokin aikinsa ce ta leƙo a kusurwar hoton wani mayaƙi a Siriya ya goge ta, kuma shi da bakinsa ya faɗa wa editan. Ni dai har yau sallamar nan ba ta kwanta min ba.