Wace mota ce ta dace da ɗaukar kayan nutso zuwa Dadin Kowa?

Masu shiga ƙarƙashin ruwa da tukunyar iska a Gombe, ko don gyara a madatsar Dadin Kowa da ta Balanga, ko don ceto, sukan yi waɗannan tambayoyi kafin su sayi mota ko su yi shata.

Nawa ne nauyin kayan?

Tukunyar alminiyam mai lita 11 tana kai kilo 17 idan an cika ta. Dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu kilo 6 ce ko fiye, sauran kayan mutum ɗaya, wato na'urar shaƙa, rigar roba, rigar iska da takalman iyo, kusan kilo 12. Mutum huɗu da tukwane biyu-biyu da ƙaramin injin ɗura iska mai kilo 50, kaya kaɗai sun doshi kilo 260. Ka haɗa da nauyin mutanen, an haura 550. Yawancin ƙananan motoci ba a ƙera su don wannan lodi ba. Duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko littafin motar kafin ka biya kuɗi.

A-kori-kura ko mota rufaffiya?

A-kori-kura mai layin kujeru biyu, irin Hilux, ita ce gaba. Jiƙaƙƙen kaya yana baya, ruwa na tsiyayewa, tukwane kuma ba sa ɗaki ɗaya da mutane. Aibinta rana da ƙura, don haka sai da rumfa ko tamfol. Sharon ko Sienna za su yi idan an cire kujerun baya, amma gindinsu a ƙasa yake, gangaren bakin ruwa kuwa yashi ne da taɓo, musamman da damina. Nan ne fowil ke nuna amfaninsa.

Yaya ake jera tukwanen?

Wannan ya fi zaɓen motar muhimmanci. Iskar ciki a matse take har ba 200 (ba, wato bar, ma'aunin matsin iska ne), idan bawul ya karye tukunyar za ta yi tsalle da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Cire na'urar shaƙa tukuna. Kwantar da tukwanen a ƙasan mota, kan katako mai gurbi-gurbi, kada su yi birgima ko su gogi juna. Gindinsu ya tokari bangon gaba, bawul ya fuskanci baya, ta yadda in an taka birki da ƙarfi ba bawul ne zai sha dukan ba. Sannan a ɗaure da bel mai ƙugiya, ba robar tsohon tif ba. Dalma a ƙasa, can gefe. Tabarau da na'urar shaƙa su shiga akwati mai murfi, a sama.

Zafin rana fa?

Kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan ba 0.7. Motar da aka kulle a rana cikin Maris ko Afrilu tana iya wuce digiri 60, matsin ya ƙaru da ba 20 ko fiye. A faka a inuwa, a bar gilashi a ɗan buɗe.

Za a iya haɗa su da jarkar fetur?

A'a. Fetur yana cin roba, kuma maiƙo kusa da tukunyar iskar oksijin ta taimakon gaggawa gobara ce. Lokacin ɗura iska, a kashe motar, a kai bakin bututun zuƙo iska nesa da salansa ta wajen da iska ke busowa. Gubar da ke cikin hayaƙin da ya shiga tukunya ba ta wari, amma tana sumar da mutum a ƙasan ruwa.

Bayan an fito, sai a kama hanya?

Zuwa cikin Gombe ba laifi. Amma Jos tana bisa tsauni mai kusan mita 1,200, hawa can tamkar shiga jirgin sama ne ga jikin da bai gama fitar da iskar nitrojin da ya tara a ƙasan ruwa ba. A jira awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 idan an yi fiye da haka.