Jaririn da kukansa ya yi kama da na kyanwa

Tambaya: Ina zaune a wani ƙauye kusa da Gumel. Kukan jaririna siriri ne kamar na kyanwa, ba ya kama nono sosai, surukata kuma ta ce ɗan ruwa ne. Haka ne?

Amsa: Ba ɗan ruwa ba ne, 'yar'uwa, ɗanki ne. Akwai larurar da likitoci ke kira "kukan kyanwa", wadda wani likitan Faransa, Jerome Lejeune, ya fara bayyanawa a 1963. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu zarurruka 46, biyu-biyu, da ake kira kuromozom, masu ɗauke da tsarin ginin jiki. Idan wani guntu ya gutsure daga na 5, sai a haifi yaro ba nauyi, kai ƙarami, jiki ba ƙwari, ga wannan kuka. Kusan jariri ɗaya ne cikin 20,000 zuwa 50,000, shi ya sa ungozoma za ta iya tsufa ba ta taɓa gani ba. Amma kuka kaɗai ba hujja ba ne, sai an gwada jini. Ku nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Tambaya: Laifina ne, ko asiri aka yi mana?

Amsa: Ko ɗaya. Yawanci gutsurewar na faruwa ne haka kawai tun farkon samuwar ciki. Kaɗan ne ake gadowa daga uwa ko uba, don haka a gwada ku biyun kafin wani cikin.

Tambaya: Yana warkewa?

Amsa: Babu maganin da zai mayar da guntun, kada a sayar da akuya a kai wa mai magani. Kukan kan ragu da girma. Abin da na fi damuwa da shi shi ne ci. Ki shayar da shi a zaune, kaɗan-kaɗan, akai-akai, don kada ya sarƙe. Idan tsotso ya gagara, ki tatsa ki ba shi da cokali. A duba zuciyarsa, kada rigakafi ya wuce shi, a kuma fara kai shi sashen gashin ƙashi da wuri.

Zama da tafiya da magana duk za su makara. Sai dai yaran nan sun fi fahimta a kan abin da bakinsu ke iya faɗa, saboda haka ki koya masa nuni da hannu: ruwa, tuwo, fitsari. A shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida cikin 'yan'uwansa, kada a ɓoye shi a ɗaka don gudun bakin mutane.