Tsangwama: tabon da ba a gani

Tun lokacin wayar da kai kan sida kalmar tsangwama ta zauna a bakin ma'aikatan lafiya, korona ta zo a 2020 ta ƙara mata gudu. Yanzu da ka kunna rediyo a nan Tawa, musamman wajajen 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, sai ka ji ana cewa a daina tsangwamar masu taɓin hankali. Ɗan siyasa ma in aka matsa masa da tambaya sai ya ce tsangwamarsa ake yi. Abin da ke ci mini rai shi ne an mayar da kalmar hantara da zagi da jifa kawai, har wanda bai taɓa ɗaga wa mara lafiya murya ba yake ganin hannunsa fes.

A Hausar gida, tsangwama ita ce abin da ake yi wa agola a gidan da ba a son shi. Amma abin da masu shirye-shiryen nan suke fassarawa kalmar Faransanci ce, stigmatisation, wadda tushenta ke cikin harshen Girka. Can da, stigma alama ce da ake yi wa bawa ko mai laifi a fata don kowa ya gane shi. Mu da muka tashi muna ganin raƙuma a kasuwar dabbobi mun san lalas: ƙarfe ya yi ja a wuta, a ɗora sau ɗaya, zafin ya wuce cikin kwanaki, tabon ya zauna har mutuwa. Hantara tana ƙarewa in mai yin ta ya gaji. Lalas ba ya buƙatar kowa ya sake buɗe baki.

Na gane haka a kan ƙanwata. Aikinta sauraron masu damuwa ne, ita ake turo wa matan da haihuwa ta bar su cikin ƙunci. Da ta haifi na biyu, aka yi suna, ana ta wankan jego da kunun kanwa, ita kuwa barci ya ƙaurace mata ko jariri yana barci. Na same ta da hantsi zaune bakin gado, kunu ya huce a kwano, tana kallon yaron kamar na maƙwabta. Ta ce, "Yaya, na san sunan abin da ke damuna, ni nake koya wa wasu alamominsa." Kukan da ke zuwa wa mai jego a kwanakin farko yakan wuce kafin sati 2, nata ya zarce kwana arba'in. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna shiga matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma ya kusa kashi 20. Takardar makaranta ba ta fitar da mace daga wannan lissafi.

Ba wanda ya zage ta. Inna ce kawai ta ce, cikin tausayi, "Haba ɗiyata, ke da kike ba mutane magani?" Wata ƴar uwa ta yi murmushi ta ce wanzami ba ya son jarfa. Ba jarfar take gudu ba, tabon take gudu. Masu wannan aiki a Nijar ba su da yawa, kusan kowa ya san kowa. Duk wanda za ta je wurinsa, ko ajinsu ɗaya, ko malaminta ne, ko shi zai sa hannu a takardunta gobe. A Yamai ma, Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa, wurin magani ne, amma sunansa ya zama abin da ake yi wa mutum gori da shi. Tsoronta shi ne ranar da za a ce kada a tura mata mai jego, ai ita ma ta taɓa.

Sai da ta kai wata 4 kafin ta yarda na raka ta Yamai. Gida muka ce za mu gaida dangi. Ta sha magani, ta yi zaman tattaunawa, ta dawo da dariyarta, yaron yanzu yana tafiya. A wurin aikinta har yau ba wanda ya sani.