Zaburar da Ɗalibai a Aji

Zaburar da ɗalibai a aji shi ne duk abin da malami da makaranta ke yi don ɗalibi ya so karatu, ya kama shi da himma, ya kuma jure idan ya yi tauri. Malamai kan kira shi kwaɗaitarwa ko ƙarfafa gwiwa. Himma ba a ganinta da ido, don haka masana halayyar ɗan Adam da alamunta suke auna ta: abin da yaro ya zaɓa ya yi idan ba mai kallonsa, yawan ƙoƙarin da ya sa, da daɗewar da ya yi yana fama kafin ya ajiye biro. Abin da binciken shekaru sama da 50 ya fi nunawa shi ne, himma ba hali ba ce da ake haihuwar yaro da shi ya zauna a haka. Tana hawa tana sauka gwargwadon aikin da aka ba shi da yadda aka bi da shi. Yaron da ke gyangyaɗi a darasin lissafi, sau da yawa shi ne da la'asar za ka tarar a wurin mai gyaran babur ya kwance inji yana ɗaurawa, ba wanda ya sa shi.

Ta ciki da ta waje

Masana sun kasa himma gida biyu. Ta ciki ita ce mutum ya yi abu don abin kansa na ba shi sha'awa. Ta waje kuwa ita ce ya yi shi don wani abu da ke bayansa, ko maki, ko kyauta, ko takardar shaida, ko tsoron bulala. A aji ba a raba su tsaf. Babu yaron da ke haddace jadawalin sau don daɗi, amma akwai tazara mai nisa tsakanin wanda ya haddace don kada a sa shi tsallen kwaɗo da wanda ya haddace don ya gane zai yi masa amfani a shagon babansa. Na biyun ma himmar waje ce, sai dai ya riga ya mai da ita tasa.

Lada da kyauta

A farkon ƙarni na 20 ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na Edward Thorndike, daga baya kuma B. F. Skinner a Amurka: duk aikin da lada ya biyo bayansa za a sake shi. Daga nan tsarin tauraro a littafi, da tafi, da kyautar ƙarshen zango suka sami madogara. Kuma suna aiki, musamman wajen ladabi, zuwa da wuri, da aikin da ba shi da armashi.

Matsalar ta bayyana ne a 1971, lokacin da Edward Deci ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa 'yan guntaye mai wasa ƙwaƙwalwa. Wasu ya biya su dala ɗaya a kan kowane da suka warware, wasu bai ba su komai ba. Sai ya riƙa fita ya bar su minti takwas da wasan da mujallu a gabansu. Da aka janye kuɗin, waɗanda aka saba biya suka rage taɓa wasan, waɗanda ba a biya ba kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka gwada irin wannan da yaran nazare a jami'ar Stanford, yaran da dama can suna son zane. Aka yi wa rukuni ɗaya alkawarin takardar yabo idan sun yi zane, rukuni na biyu aka ba su ba zato, na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman zanen a aji. Waɗanda aka yi wa alkawari kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata kawai suka yi a kan zanen. Wasa ya zama aikin ƙwadago, in ba biya ba aiki.

Wannan bai nuna kyauta haramun ce ba. Wadda aka ba da ba zato ba ta yi illa ba. Wadda ke ɓata sha'awa ita ce ta "in ka yi kaza zan ba ka kaza" a kan abin da yaro dama yake so.

Bulala da kunyatarwa

Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya ware babi a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, a kan cewa tsananta wa ɗalibai yana cutar da su. Ya ce yaron da aka raina da tsangwama ƙirjinsa kan ƙuntata, kuzarinsa ya tafi, ya koyi kasala da ƙarya da yaudara, don ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannun da ke kansa. Malaman tarbiyyar Musulunci kan haɗa wannan da hadisin da ke cewa a sauƙaƙa kada a tsananta, a yi bushara kada a kore.

Duk wanda ya zauna a aji ya ga gaskiyar maganar. Malami ya gama bayani, dorina na kan tebur, ya ce, "An gane?" Aji duka ya amsa, "Eh, malam!" Ba wanda ya ɗaga hannu, don wanda ya ɗaga jiya ya sha kamun kunne. Bulala tana kawo shiru nan take, shi ya sa take da wuyar bari, amma abin da take koyarwa shi ne ɓoye rashin sani. Kunyatarwa ta fi ta daɗewa a jiki. Yaron da aka kira daƙiƙi a gaban aji, ko aka karanto sakamako aka ce shi ne kurar baya har zango uku a jere, yakan kai inda zai daina gwadawa gaba ɗaya. Martin Seligman da abokan aikinsa sun bayyana irin wannan hali a ƙarshen shekarun 1960: wanda ya saba ganin ƙoƙarinsa ba ya sauya komai yakan sallama, ko da hanya ta buɗe daga baya.

Ɗanɗanon iyawa

Deci da Richard Ryan, na jami'ar Rochester, sun tattara bincikensu a 1985 suka ce himma mai ɗorewa tana tsaye a kan buƙatu uku: mutum ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya kuma ji yana da matsayi a wurin mutanen da yake tare da su. Ta cewa ba sai an sakar wa yara aji ba. Barinsu su zaɓi ɗaya cikin batutuwan insha'i uku, ko gaya musu dalilin aikin kafin a ba su, ya isa ya sauya fuskoki.

Ta biyun, wato jin yana iyawa, ita ce ta fi nauyi a ajin firamare. Albert Bandura ya nuna a 1977 cewa babu abin da ke sa mutum ya yarda zai iya kamar ya taɓa yi da kansa ya ga ya yi. Jawabin ƙarfafa gwiwa na bayan wannan. Don haka aikin da aka ba yaro dole ya zama ɗan gaba kaɗan da inda yake, wanda zai iya kaiwa da ɗan tallafi, kamar yadda Lev Vygotsky na Rasha ya yi bayani kafin rasuwarsa a 1934.

Makarantar allo, duk da abin da ake iya faɗa a kan bulalarta, ta daɗe da riƙe wannan. Kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya. Daga babbaƙu zai je farfaru, ba kuma a yi masa ƙari sai ya biya na allonsa a gaban malam ya iya. Ranar da aka ce ya je ya wanke, da gudu yake tafiya, don ya ga ci gabansa da idonsa, ba a kuma auna shi da na kusa da shi ba. Can gaba ga sauka, ga allon zayyana, ga walima a gaban dangi. Ajin boko kuwa manhaja yake bi: 'yan aji huɗu duka littafin aji huɗu za su buɗe, har da wanda bai gama tantance baƙaƙe ba. Irin wannan yaro ba kasala ke damunsa ba. An wuce shi ne tun aji biyu, yana zaune yana kwafe abin da ke kan allo kamar zane.

Wannan giɓi ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta nufa da tsarin koyarwa daidai da matakin yaro. Akan gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a kasa su bisa abin da suka iya, masu baƙi daban, masu kalma daban, masu labari daban, ba bisa shekaru ko aji ba, a ware musu lokaci kullum. An gwada shi a wasu makarantun Borno da Kano. Harshe ma na cikin maganar, don da wuya yaro ya yi sha'awar darasin da ba ya jin yarensa. Nijar ta buɗe makarantar gwaji mai fara koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, a Najeriya kuma Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyarwa da Yarbanci na shekara shida a Ife daga 1970, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta kuma amince a fara karatu da harshen uwa ko na yankin.

Bakin malami

Yabo ma iri-iri ne. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba 'yan aji biyar aiki, suka yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya, 'yan "ƙwaƙwalwa" suka fi saurin karaya, suka fi son aiki mai sauƙi, wasu har ƙarya suka yi a kan makinsu. Ra'ayin ya bazu har aka zuzuta shi fiye da kima. Wani babban gwaji da aka buga a 2019, da ɗaliban sakandare kusan 12,000 a Amurka, ya sami amfanin koya wa yara cewa basira na ƙaruwa, amma ɗan kaɗan ne, kuma a wurin masu rauni ya fi fitowa.

Ruth Butler a Isra'ila ta gwada gyaran aiki a 1988. Wasu yara an mayar musu da takardunsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da duka biyun. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta sosai. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki ba, don da zarar ido ya faɗa kan lambar da aka zagaye da jan biro, sai leƙen ta maƙwabci, sharhin kuwa ko oho.

Abu mafi araha shi ne jira. Mary Budd Rowe ta auna a farkon shekarun 1970 ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya suke jira bayan sun yi tambaya. Da aka kai jiran daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka yi tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara sa baki. Akwai kuma zaton malami. Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun ruwaito a 1968 cewa yaran da aka gaya wa malamai za su yi fice, alhali kara-zube aka zaɓo su, sun fi ci gaba, musamman a aji ɗaya da biyu. An soki yadda aka yi awon, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara ɗauka ba, amma yana nan, ya kuma fi taɓa yaran da aka riga aka yanke wa ƙauna.

Abin da ya fi ƙarfin malami

Abraham Maslow ya jera buƙatun ɗan Adam a 1943 ya sa ci da sha da aminci a ƙasa. Yaron da ya fito ba kari ba kuɗin tara, ko yarinyar da farantin talla ke jiranta, ba dabarar aji ce za ta fara riƙe hankalinsu ba. Wannan na cikin dalilan shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayyar Najeriya ta ƙaddamar a 2016. Cunkoso ma haka: a ajin da yara suka haura ɗari suna zaune a ƙasa, rubuta wa kowa sharhi ba ya yiwuwa, sai dai a kasa su rukuni-rukuni, masu iyawa su ja na baya, malami yana zagayawa. Shi kansa malamin buƙatun nan uku na Deci da Ryan suna kansa. Wanda albashinsa ya maƙale wata biyu, aka kuma tura shi koyar da darasin da bai karanta ba, yakan shiga aji ya ba monita littafi ya cika allo da rubutu, shi kuwa ya koma gindin bishiya har a kaɗa ƙararrawa.