Ibrahim El-Salahi: Ƙirƙira da Ibada a Aikin Zane

Ibrahim El-Salahi mai zane ne ɗan ƙasar Sudan, an haife shi a Umdurman a shekarar 1930. Yana cikin waɗanda suka kafa salon zanen da aka sani da Makarantar Khartum, kuma ana yawan kawo sunansa idan ana maganar yadda imani ke shiga cikin aikin hannun mai fasaha, domin shi bai raba zane da ibada ba. Ya sha faɗa cewa kafin ya taɓa alƙalami sai ya yi alwala ya yi salla, sannan ya zauna gaban takarda.

Tasowa da karatu

Mahaifinsa malamin addini ne mai makarantar allo, irin wadda 'yan Sudan ke kira halwa. A nan yaron ya fara riƙe alƙalamin kara da tawada, ya ga yadda ake ƙawata allon almajiri idan ya kai wani mataki a karatu. Sharafa suke ce wa wannan ado, kuma duk wanda ya taɓa ganin zayyanar allon sauka a ƙasar Hausa ya san danginta. Ya yi karatun zane a Kwalejin Gordon da ke Khartum, daga nan gwamnati ta tura shi makarantar Slade a Landan, inda ya zauna daga 1954 zuwa 1957 yana koyon zane irin na Turai.

Komawa ga allo

Da ya dawo gida ya shirya baje kolin ayyukansa a wani babban otal na Khartum. Abin da ya faru ya dame shi: mutanen gari ba su ga kansu a cikin zanen ba, suka zo ranar buɗewa don kara, ba su sake waiwayowa ba. Maimakon ya ce jama'a ne ba su waye ba, sai ya tuhumi kansa. Ya shiga gidaje da kasuwanni da ƙauyuka yana duba abin da mutane ke ratayewa a bango da abin da suke so su kalla. Ya tarar da ayoyin Alƙur'ani cikin kyakkyawan rubutu, da adon faifai, da saƙar tabarma, da aikin fata.

Daga nan ya fara saka haruffan Larabci a cikin zanensa. Da farko ana iya karanta su. A hankali ya riƙa warware harafin, yana ja masa wuya, yana buɗe masa ciki, har ma'anar kalma ta janye, siffa ta rage. Daga cikin gaɓoɓin haruffan sai fuskoki masu dogon wuya, da tsuntsaye, da dabbobi, da jinjirin wata suka riƙa fitowa. Launukansa na wannan zamani na ƙasar Sudan ne: jar ƙasa, ruwan ƙasa, ɗorawa mai duhu, fari da baƙi. Masana na lissafa wannan aiki cikin harkar Hurufiyya, wato masu zanen ƙasashen Larabawa da na Musulmi da suka mayar da harafi ginshiƙin zanen zamani. Abokan tafiyarsa a Makarantar Khartum sun haɗa da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag.

A nan ne asalin sabon abin da ya zo da shi yake, kuma abin lura shi ne bai same shi ta hanyar neman bambanta da kowa ba. Ya same shi ne da ya koma ga abin da ya sani tun yana yaro. Zanensa na 1964 mai suna The Last Sound, wato sautin ƙarshe, ya yi shi ne bayan rasuwar mahaifinsa, yana nuni da addu'ar da ake yi a kan mai barin duniya.

A 1961 ya ziyarci Najeriya, aka nuna ayyukansa a Mbari, ƙungiyar marubuta da masu zane ta Ibadan. A 1966 ya jagoranci tawagar Sudan zuwa bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar.

Kurkukun Kobar

El-Salahi ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar al'adu zamanin Shugaba Ja'afar Numeiri. A watan Satumba na 1975 aka kama shi bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulki, aka tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Doka a can ta hana fursuna riƙe takarda ko abin rubutu, wanda aka kama kuwa ɗaurin kaɗaici ne hukuncinsa. Duk da haka ya samu guntun fensir, ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a kai, idan ya ji motsin gandiroba sai ya binne a cikin yashi.

Wannan ƙunci shi ya haifar masa da hanyar aikin da ya riƙe daga baya. Tunda ba shi da babbar takarda, sai ya fara da ɗan guntu guda, ya zana wani abu a tsakiya, idan layin ya kai baki ya nemi wucewa sai ya ƙara wani guntun a gefe. Zanen na girma kamar tsiro daga iri, shi kansa mai yin bai san inda zai tsaya ba. Ya bayyana cewa ba ya zama da cikakken hoto a ransa. Yana farawa ne, aikin ya nuna masa hanya, shi kuma ya ɗauki kansa a matsayin mashigar abin da ke zuwa daga wanda ya fi shi. Mai karatun da ya san Sufanci zai gane wannan harshe, domin maganar tawakkali ce da kawar da son kai, aka kawo ta fagen tawada da takarda. Babban zanensa The Inevitable, wato abin da ba makawa, na 1984 zuwa 1985, falle tara ne da baƙar tawada aka jera su suka zama hoto guda na jama'a sun miƙe wa zalunci. A 1985 ɗin ne mulkin Numeiri ya faɗi.

Bayan an sake shi ya koma Katar da zama, ya yi aikin gwamnati a can shekaru masu yawa, kuma a tsawon wani lokaci ya ajiye launi gaba ɗaya, ya tsaya kan baƙi da fari. A 1998 ya tare a Oxford ta Ingila.

Bishiyar haraz

A Ingila ya fara jerin zane-zanen da ya gina kan bishiyar haraz mai fitowa a gaɓar kogin Nilu. Ita ce Hausawa ke kira gawo, kuma manomi ya san halinta: da damina, lokacin da kowace bishiya ke kore, ita sai ta kaɗe ganye, da rani, sa'ad da daji ya bushe, sai ta yi tofo dabbobi su samu inuwa. A Sudan ana ba da labarin cewa faɗa ta yi da ruwan sama. El-Salahi ya ɗauke ta misalin mai tsayawa kan halinsa ko da ya saɓa wa na kowa, ya kuma ga alaƙar ƙasa da sama a tsayuwarta, saiwa a ƙasa, rassa a sama. Da yawa daga cikin zanen ba su ma yi kama da bishiya ba. Layuka ne miƙaƙƙu, an ja su ɗaya bayan ɗaya da haƙuri, maimaicin da ke tuna wa mai kallo jan carbi.

Karɓuwa

Ya samu lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2001. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa, kimanin guda 100, karo na farko da gidan ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka irin wannan. Da tsufa ya zo masa da ciwon baya mai hana tsayuwa gaban babban allo, sai ya koma zane a zaune, a kan ambulan da bayan kwalayen maganin da yake sha.